Tarin Kawu ba na hunturu ba ne

 

Mun daɗe muna ja-in-ja a gida kan ko mu faɗi wannan labari ko mu bar shi. Wasu cikinmu suka ce abin gida a bar shi gida. Daga ƙarshe Inna, matar marigayin, ita ta raba gardama. Ta ce: "Ku hwaɗa ma mutane, ko wata ta tsira da mijinta. Amma kar ku kama suna." Don haka ba za mu kama suna ba. Kawu muke ce masa, Kawu za mu ce.

Kawu direba ne. Sama da shekara 30 yana jan babbar mota tsakanin kasuwannin ƙasarmu, yau hatsi, gobe wake, jibi dankali ko bisashe. Tun yana yaron mota ya fara shan sigari, kuma ba mu taɓa ganin aljihunsa babu kwali ba. Mu ƴaƴan ƴan uwansa a hannunsa muka tashi. In ya sauka daga mota da yamma, sai ya miƙo dala biyar ya ce: "Kai, ruga wurin mai tebur ka amso mini kara, ka kunno ta." To, yaro ba ya iya kunno sigari sai ya zuƙa. Nan wasunmu suka koya. Ba mu faɗi haka don mu ɗora masa laifi ba, don shi ma haka aka yi masa.

Tari ya daɗe da shi, irin na safe wanda duk mai shan taba ya sani. Har muna yi masa dariya, muna cewa motar Kawu ba ta tashi sai direba ya fara tashi. Amma a hunturun da muke magana tarin ya canza. Ya yi zurfi, ya daina jiran safiya, yana tashe shi tsakar dare. Muka ce ƙura ce, hazo ne, kowa na tari. Muka sayo masa ruwan maganin tari da ƙwayoyi wurin masu yawo da magani a kasuwa. Ya yi sauƙi kwana uku, ya dawo. Muka sake sayowa. Inna kuwa ta ga jini a hankicinsa wajen wanki, ba sau ɗaya ba. Ya roƙe ta kar ta faɗa, don kar a ce yana da tarin fuka mutane su guji motarsa. Ta yi shiru wata uku.

Da zafi ya shigo tarin bai tafi ba, muka lallashe shi zuwa likita. Majo ya karɓi kakinsa aka yi gwaji. Sakamako ya fito, babu tarin fuka. Wallahi ranar har shayi muka dafa na murna. Majo ya ba shi magani, ya kuma faɗi wata magana wadda muka ji da kunne ɗaya: "In sati biyu ya cika bai ji dama ba, ku dawo in rubuta muku takarda ku tai Doso a ɗauki hoton ƙirji." Ba mu koma ba. Ruwa ya sauka, aka shiga shuka, aka shiga noma, kuɗin hannu ya tafi gona. Kuma tunda an ce ba fuka ba ce, sai muka ɗauka babu wata babbar cuta da ta rage a ƙirji. Wannan shi ne kuskurenmu mafi girma.

Cikin damina Kawu ya fara zubewa. Rigunansa suka yi masa yawa. Hura ma sai ya kurɓa biyu ya ajiye. Muryarsa ta dushe kamar wanda ya kwana yana kiran kasuwa. Kafaɗarsa ta dama ta riƙa yi masa ciwo har ya kasa juya sitiyari. Sai magana ta fara yawo: jifa ne, wani abokin sana'a ne ya yi masa. Muka sayar da rago biyu muka shiga neman na gida. An ba shi sassaƙe, an ba shi jiƙo, har an lulluɓe shi da bargo an yi masa hayaƙi. Yau in muka tuna mun turara mutumin da huhunsa ke ciwo, sai jikinmu ya yi sanyi.

Sai bayan kaka, da numfashi ya fara gagararsa daga ɗaki zuwa masallaci, muka ɗauke shi zuwa Doso, tafiyar kusan kilomita 140 daga Dutsi. Hoto ya nuna wani farin dunƙule a saman huhun dama, da ruwa a ƙasa. Aka tura mu Yamai. Can aka sa shi cikin na'urar sikana, sannan aka ciri ɗan ƙanƙanin nama daga wurin aka kai gwaji. Ranar da sakamako ya fito, lokotoro ya kira mu uku ofishinsa. Ya ce ciwon daji ne na huhu, wanda wasu ke ce wa sankara ko kansa, kuma ya riga ya kai ƙashi da hanta. Ya tambaye mu yaushe tarin ya canza. Muka lissafa, kusan shekara guda. Bai yi mana faɗa ba. Shirun da ya yi ya fi faɗa ciwo.

Abin da ya bayyana mana, da abin da muka koya a watannin jinya, shi ne muke son mu raba da ku.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, masu haihuwa da mutuwa bisa tsari. Ciwon daji yana farawa ne idan wasu daga cikinsu suka lalace, suka yi ta hayayyafa babu tsayawa, har su zama ƙari. A huhu ƙarin yakan toshe hanyar iska, ya ci jijiyar jini, daga nan ya bi jini ya sauka a ƙashi, hanta ko ƙwaƙwalwa. Iri biyu ne manya. Akwai wanda ya fi yawa, kusan kashi 85 cikin 100, mai tafiya a hankali. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, kusan kashi 15, mai gudu kamar wutar daji, kuma kusan duk masu shi mashaya taba ne. Ana auna nisan ciwon da mataki 1 zuwa 4. Kawu a mataki na 4 aka same shi. Mugun halin wannan ciwo shi ne cikin huhu ba ya jin zafi, don haka ƙari na iya girma wata da watanni mutum na harkokinsa.

Kar mu ɗauka ciwon Turawa ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna mutum kusan miliyan 2.5 aka gano suna da shi a shekarar, kusan miliyan 1.8 kuma suka mutu. Babu wani ciwon daji da ya kai shi kisa a duniya. A nan wurinmu ba a cika jin sunansa ba, amma ku tuna saura kaɗan Kawu ma ya tafi a matsayin wanda aka yi wa jifa. Mutum nawa ne a garuruwanmu aka binne da "tari ne ya kashe shi" ba tare da an taɓa ɗaukar hoton ƙirjinsu ba?

Babban dalilinsa taba ce. Tun 1950 wasu masu bincike biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna alaƙar sigari da wannan ciwo, kuma duk binciken da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da ita. Kusan mutum 85 cikin 100 masu dajin huhu, taba ce sila. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa daji. Yawan karan da mutum ke sha a rana yana da tasiri, amma yawan shekarun da ya yi yana sha ya fi tasiri. Shi ya sa wanda ya fara tun yana yaro ya fi shiga haɗari. Shisha da ta shigo fadojin samarinmu ba ta fi sauƙi ba. Ruwan da ke cikin tulun sanyaya hayaƙi yake yi, ba ya wanke guba, kuma zama ɗaya na shisha hayaƙinsa ya ninka na karan sigari sau da yawa, ga kuma na gawayi a kai. Tabar gari da tsofaffinmu ke cusawa a baki da kanwa ita ma ba ta kuɓuta ba, ita dajin baki da na maƙoshi take jawowa.

Wanda bai sha ba amma yana zaune da mai sha, shi ma yana shan rabonsa. Matar da ke kwana ɗaki ɗaya da mai shan sigari haɗarinta na ƙaruwa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Sannan ga hayaƙin murhu. Uwayenmu suna shekara da shekaru a durƙushe gaban icce, kara da kashin shanu, cikin ƙaramin ɗakin girki marar taga, da goyo a baya. Wannan hayaƙi na lalata huhu, kuma yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon ga matan da ba su taɓa riƙe sigari ba. Ga hayaƙin gazuwal na manyan motoci da injinan niƙa, wanda hukumar binciken daji ta duniya ta sa cikin masu haddasa dajin huhu a 2012. Ga ƙurar dutse da ƴan uwanmu ke shaƙa a ramukan zinare na Komabangu, Jado da Cibarkaten, inda ake dakan dutse babu kariyar hanci. Ga wata iska marar wari mai suna radon, da ke taruwa a ramukan ƙarƙashin ƙasa, musamman inda ake haƙar yuraniyom. Wanda ya haɗa irin wannan aiki da sigari, ya haɗa wuta da kara. Tsohon tabon tarin fuka ma na ƙara haɗari, haka nan in wani na jini ya taɓa yin ciwon.

Mun san abin da za a ce a fada, don mu ma mun faɗa: "Tsoho wane ya sha taba har ya shekara 90, lahiya lau." Gaskiya ne akwai irinsu. Amma wanda ya rufe ido ya tsallaka gudron a Kore Mairuwa ranar kasuwa ya fita lafiya, ba shi ke nuna rufe ido dabara ce ba. Tsohon da ya tsira muna ganinsa, abokansa da suka tafi tun suna 55 ba sa nan balle su ba da shaida. Ajali na hannun Allah, babu mai musu. Sai dai Wanda ya rubuta ajalin shi ne ya ba mu hankali, ya kuma ba mu amanar jiki. A ɗaya gefen, akwai waɗanda ba su taɓa shan taba ba suka kamu. Don haka in ciwo ya zo, ba lokacin gori ba ne.

Yanzu ga alamun da muka gani da idonmu muka kasa karantawa. Tarin da ya wuce sati biyu zuwa uku bai tafi ba. Tsohon tarin mai shan taba da ya canza sauti ko ya ƙaru. Jini cikin kaki, ko da ɗigo ɗaya ne, ko da sau ɗaya ne. Ciwon ƙirji, kafaɗa ko baya da ke ƙaruwa in an yi tari ko an ja numfashi. Haki a aikin da da ba ya sa mutum haki. Dushewar murya da ta ƙi tafiya. Rama babu dalili, rashin cin abinci, gajiya kullum. Ciwon haƙarƙari da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa bayan an sha magani. Wani lokaci kan yatsu ya yi ƙullutu, farce ya lanƙwashe kamar bayan cokali, ko fuska da wuya su kumbura. Ba duk mai ɗaya daga cikin waɗannan ne ke da daji ba, galibi ma wani abu ne daban. Amma kowace ɗaya ta isa ta kai mutum likita, musamman in ya wuce shekara 40 kuma yana shan taba ko ya taɓa sha.

Abin da ya fi ruɗarwa shi ne alamun nan kusan duka iri ɗaya ne da na tarin fuka. Don haka daidai ne a fara da gwajin kaki. In fuka ce, alhamdu lillahi tana da magani, wata shida ake sha, kuma kyauta ake bayarwa a ƙasarmu. Amma in gwaji ya ce babu fuka, tari kuma bai tafi ba, to ba a gama ba, yanzu ma aka fara. A koma, a nemi hoton ƙirji. Haka wanda aka ɗora kan maganin fuka, yana sha kan ƙa'ida, amma wata biyu babu sauƙi sai rama, a koma a faɗa wa majo ko lokotoro. Kuma ku sani, fuka ana ɗauka, daji ba a ɗauka. Mun ga masu zuwa gaisuwa suna tsayawa bakin zaure, an ware wa Kawu kwanonsa da moɗarsa. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma babu dalilinsa.

Batun magani, gaskiya ɗaya ce: ya danganta da lokacin da aka gano. In ƙarin yana ƙarami bai fita daga huhu ba, ana iya yin aiki a yanke ɓangaren da ya kamu, mutum ya ci gaba da rayuwa da sauran, kuma da yawa suna warkewa. In ya ɗan yi nisa, ana haɗa ƙarin ruwan magani mai kashe ƙwayoyin daji, wanda ake kira shimiyo, da wani haske mai ƙona ƙarin daga waje, wato radiyoterapi. A da duk mai buƙatar wannan haske sai ya fita waje, amma a watan Maris na 2021 an buɗe sashensa a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji da ke Yamai, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya. Akwai kuma sababbin ƙwayoyi masu bin wani irin daji takamaimai, da masu tada garkuwar jiki ta yaƙe shi, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talaka kuma samunsu da wuya.

Akwai maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. Wannan magana ta kusa sa mu hana a ciri naman gwaji. Abin da ke faruwa shi ne mutane ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya gama bazuwa, in suka rasu bayan an taɓa su sai a ce ƙarfe ne. Jinkiri ne, ba ƙarfe ba. Kuma sai da gwajin naman nan ake sanin irin dajin da maganin da ya dace da shi.

Ga Kawu, lokacin warkewa ya wuce, amma lokacin taimako bai wuce ba. An zuƙe ruwan da ke ƙirjinsa ya samu numfashi. An ba shi maganin ciwo mai ƙarfi, morfin, ya samu barci bayan watanni yana kwana zaune. Mun sayar da sa da buhunan hatsi, ƴan uwa na bida suka turo abin da ya sawwaƙa. In muka haɗa kuɗin da muka zuba wurin masu yawo da magani da masu cire jifa, da ya ɗauki hoton ƙirji sau da yawa tun ciwon na ƙarami.

Mun ɓoye masa sunan ciwon, muna ce masa sanyi ne ya kama huhu. Wani dare a masaukinmu na Yamai ya kira babbanmu ya ce: "Ku bar wahal da kanku. Na san abin da ag gare ni tun randa kunka hito ohishin lokotoro kuna kallon ƙasa. Ku maishe ni gida." Da ya ji gaskiya sai ya samu natsuwa. Ya faɗi bashin da ake bin sa da wanda yake bi, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar Inna. Sannan ya dube mu ya ce: "Ni na aike ku kunno wuta. Ku yahe mini, kuma kar wanda ya aiki ɗana." Ya rasu a ɗakinsa, sati bakwai bayan dawowarmu.

Mu biyar ne masu shan sigari a fadarmu. Uku sun bari, biyu suna nan suna fama, yau a bari gobe a koma, don nikotin da ke cikin taba kama mutum take yi kamar igiya. Ba ma yi musu dariya. Satin farko ne mafi wuya, kuma komawa ba faɗuwa ba ce, a sake gwadawa. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne jiki na gyara kansa: wanda ya bari, bayan shekara 10 haɗarin mutuwarsa da dajin huhu na raguwa zuwa kusan rabin na wanda ya ci gaba. Ko mutum ya shekara 50, barin na da riba. Inna kuma mun kai ta an ɗauki hotonta, an ce babu ƙari, sai dai hayaƙi ya gajiyar da huhun. Mun fitar mata da murhu ƙarƙashin rumfa inda iska ke wucewa, mun fasa taga a ɗakin girki.

Ƙasarmu tana da dokar yaƙi da taba tun watan Mayu na 2006, wadda ta hana sha a wuraren taruwar jama'a da motocin haya, ta hana tallarta da sayar wa yara. Amma babu jandarman da zai shigo zaurenmu ya hana mu aiken yaro wurin mai tebur. Wannan aikinmu ne. Masu tebur, in yaro ya zo ku ce babansa ya zo da kansa. Direbobi, kar a kunna cikin mota da fasinja. Masu tafiya zinare, a jiƙa dutse kafin a daka, a rufe hanci da abin kariya na ƙwarai. Mata, in kun ga jini a wanki kar ku rufa asiri, wannan ba asirin da ake rufawa ba ne.

Hunturu na tafe, gari zai cika da tari, yawanci kuma na ƙura ne zai wuce. Amma ku riƙa ƙirga kwanaki. In akwai wanda tarinsa ya haura sati biyu a gidanku, ku kama hannunsa ku kai shi likita, kuma in majo ya ce ku dawo, ku dawo ko da ranar shuka ce.

Allah ya jiƙan Kawu da dukan magabatanmu, ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu son barin taba ikon bari. Amin.